Mai Sunan Inna

Ranar da aka kai ƙanwata makarantar firamare a Beli, malamin aji ya buɗe rajista ya kira "Hauwa'u" har sau uku, shiru. Yarinyar tana zaune a bencin gaba, tana ta waige-waige tare da sauran yara, ita ma tana neman wannan Hauwa'u mai taurin kunne da ta ƙi amsa kira. Sai da wata 'yar maƙwabtanmu ta zungure ta, ta ce, "Jidda, ke fa ake nufi." Da aka tashi, da kuka ta shigo gida, wai malam ya canja mata suna. Shekararta shida a duniya, ba ta taɓa jin bakin da ya kira ta da sunanta na yanka ba.

Ba mantuwa aka yi a gidanmu ba. Sunan kakarmu ta wajen uba aka mayar mata. Mahaifinmu ba zai iya kama sunan uwar da ta haife shi ba, mahaifiyarmu kuwa ina ita ina ambaton sunan surukarta? Ko 'yar wani gida ce mai wannan suna ta shigo aike, sai ka ji ta ce, "Mai sunan Inna, zo ki karɓa." Kakar kanta Inna muke ce mata, tsofaffi sa'o'inta su ce Kulu, ita kuma ta kira jikar da takwara, in wasa ya motsa ta ce kishiya. Mata biyu ke da sunan, laƙubba sun fi biyar, shi kuwa na ainihin yana ninke kamar zanen da ke ƙasan adaka, ba a fito da shi sai ranar ɗaurin aure ko ranar sanarwar rasuwa.

Gidanmu bai fita daban ba. Daga Beli zuwa Zarewa, daga Fulatan zuwa cikin garin Rogo, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da Hauwa ba, amma sai ka yini cikinta ba ka ji an ƙwala mata kira da sunan ba. Wane irin suna ne wannan da kowane gida yake so, kuma kowane gida yake ɓoyewa?

Kalmar baƙuwa ce, sai dai ta daɗe har ta zama 'yar gari. Kafin zuwanta Bahaushe yana da hanyarsa ta sa suna, yana duban halin da haihuwa ta zo a cikinsa. Macen da ta biyo bayan maza ita ce Kande ko Delu. Wadda aka haifa bayan 'ya'ya sun yi ta mutuwa a ce mata Ajuji, a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Ta ƙarshe kuwa Auta. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Wangarawa suka iso daga Mali ɗauke da Musulunci. Sannu a hankali sunayen annabawa da matansu da sahabbai suka karɓe ranar suna da ragonta, tsofaffin sunaye suka ja gefe suka zama laƙabi. Cikin wannan ayari Hauwa'u ta shigo.

Baƙon da ya daɗe sai ya sa rigar gari. Balarabe yana fito da harafin farko na sunan, wanda almajirai ke kira ha ƙarami, daga tsakiyar maƙogwaro, can ƙasa da belin da wanzami ke cirewa, sannan ya danne wawu da shadda, ya ja, ya rufe da hamza. Bakin Bahaushe ya sassauta ha ɗin ya mai da ita irin ta hannu da hatsi, ya lanƙwasa tsakiyar ta koma "au" irin ta ƙauye da tauri. Ita kuwa "u" ɗin ƙarshe rufu'a ce ta nahawun Larabci, wadda Larabawa kan yar in sun tsaya a kan kalma. Mu muka tsince ta muka riƙe, kamar yadda muka riƙe ta a Aliyu da Umaru da Zainabu da Asma'u, domin sunayen ta allo da littafi suka zo mana, daga bakin malami mai ba kowane wasali haƙƙinsa. Wannan 'yar "u" shaida ce ta hanyar da sunan ya biyo.

Tun da na ambaci beli, bari in ja kunnen kaina. Mutumin garinmu ya fi kowa sanin cewa kama da wane ba ta wane. Akwai Beli inda aka binne cibiyata, akwai belin wuya, akwai kuma belin da ake karɓowa a kotu, wanda Bature ya bar mana. Hedikwatar ƙaramar hukumarmu Rogo ce, mun kuma gaji da jin barkwancin masu tambayarmu ko dafaffe ne ko ɗanye. Haka yara ke tsokanar Hauwa da hawa, ko da hauya, alhali ba dangin iya ba na baba. Mai bin sawun kalma dole ya yi hattara da kunnensa, don kunne yana son haɗa aure tsakanin kalmomin da ba su taɓa sanin juna ba.

To me sunan yake nufi a gidansu? Malaman tafsiri na farko, irin su Ɗabari wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 923, sun kawo ruwayar da ke danganta Hawwa'u da hayyu, wato mai rai: an kira ta haka ne domin daga abu mai rai aka halitta ta. Attaura ma ta bi wannan hanya, ta bayyana sunan da cewa mai shi ce uwar duk wani rayayye. Lokacin da Yahudawan Iskandariya suka mayar da Attaura zuwa harshen Girka, tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, da suka iso wurin da aka raɗa mata suna sai suka fassara shi kai tsaye, suka rubuta Zoe, kalmarsu ta rayuwa. Ta hanyar Latin sunan ya zama Eva, ya bazu a Turai. Ta hanyar Larabci ya zama Havva a Santambul, Hawa a Zanzibar, Awa a Dakar da Bamako. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da biron Faransa a hannunsu, Haoua suke rubutawa. Kiristan Bahaushe ma in ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Hawwa'u zai gani a shafukan farko. Da wuya a sami sunan mace da ya yi tafiyar da wannan ya yi.

Akwai wata fassara ta biyu da masana lugga suka ajiye, wadda ni ta fi shiga raina. A Larabci, abin da launinsa ya yi duhu, ja ko kore da ya cika har ya doshi baƙi, ana ce masa ahwa, tamatarsa kuwa hawwa'u. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya taɓa rera kalmar ahwa a cikin Sabbi, ko da bai san ma'anarta ba. Mafi yawan masu tafsiri sun ce a can tana nufin ciyawar da ta bushe ta yi baƙi, wasu kuma suka ce ciyawar ce tun tana ɗanya, korenta ya yi yawa har ya yi duhu. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar masara a ƙasar Rogo cikin watan Agusta, bayan an yi ruwan dare, ya san wannan launi. Ya san shi a ganyen raken fadama. Kore ne da ya ƙoshi, wanda manomi ke kallo ya ce bana an gode Allah. Inna baƙa ce wuluk, fatarta tana sheƙi kamar an shafa man shanu, kuma da ta san sunanta yana iya nufin haka, da ta samu abin mayar wa 'yan matan da ke sayen man sauya fata a kasuwa. Ko ta wace ƙofa ka shiga, ta rai ko ta launi, a gona guda za ka tsinci kanka.

Sai dai ga abin mamaki. Wannan suna da ya cika duniya, Alƙur'ani bai ambace shi ba ko sau ɗaya. An ambaci Adamu da sunansa, ita kuwa sai aka ce matarsa. Mace ɗaya tak aka kira da sunanta a cikin Littafin, ita ce Maryam. Sunan Hauwa'u ta hadisi da tafsiri da littattafan ƙissoshin annabawa ya iso ga Musulmi. Hikimar hakan fagen malamai ce, ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da na lura da shi kawai, in ka gaya wa Bature wannan sai ya ɗaga gira, in ka gaya wa tsohuwa a Beli sai ta gyaɗa kai. Ita a wurinta haka ya kamata. Wa ke kama sunan uwa?

Da baki ya ƙi faɗin suna, sai ya nemi hanyar zagaye, kuma a nan ne Bahaushe ya nuna gwanintarsa. Alkunya ba ta bar babban suna ko ɗaya ba ta yi masa inuwa ba. Fatima ta zama Binta, A'isha ta zama Indo, Zainab ta zama Abu, Hadiza ta zama Dije ko Kubura, Maryam ta zama Mairo. A ɓangaren maza Abubakar ya zama Garba, Umar ya zama Sanda, Yusuf ya zama Maitama, Usman ya zama Shehu saboda Mujaddadi. Wasu daga cikinsu gutsure ne kawai na sunan, wasu kuwa ɗan guntun tarihi ne aka ƙulle a bakin zane. Na Hauwa'u suna cikin kashi na biyu.

Ɗauki Jidda. Ruwayoyin masu tarihi sun ce da aka sauko da iyayenmu na farko duniya, Adamu ya sauka a wajejen ƙasar Hindu, ita kuma a gaɓar Bahar Maliya inda birnin Jidda yake a yau, suka yi ta neman juna har suka haɗu a Arfa. Mutanen birnin suka riƙe labarin, har wasu suka ce sunan garin daga jadda ya fito, wato kaka, ko da yake masana harshe da dama sun fi karkata ga judda, gaɓar teku. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubairu, da ya sauka Jidda a shekarar 1183, ya tarar da wata tsohuwar ƙubba da ake cewa masaukin Hauwa'u ne. Daga baya wurin ya shahara a matsayin kabarinta, dogon kabari mai tsawon da ya wuce na kowane ɗan Adam, alhazai suna tsayawa su yi ziyara. Cikin shekarun 1920, bayan da gidan Sa'udu ya karɓe Hijaz, aka rushe ginin. Yau babu alamar da za ka nuna ka ce ga shi nan, amma maƙabartar tana nan, kuma har gobe da sunan uwarmu Hauwa'u ake kiranta.

Cikin masu tsayawa a bakin wannan kabari akwai kakanninmu. Kafin jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano, tafiyar Makka a ƙasa ake yin ta, ta Barno da Chadi da Sudan, mutum ya yi shekaru a hanya, yana tsayawa ya yi ƙodago a gonakin auduga ya tara guzuri, har ya isa Sawakin ya hau jirgin ruwa. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda Allah ya nufa ya haye teku, ƙasa ta farko da ƙafarsa za ta taka ita ce Jidda. Saboda haka da Bahaushe ya ce wa 'yarsa Maijidda, ba ƙaramar sarauta ya naɗa mata ba. Ya ɗauki "mai" ɗin nan tasa ta maigari da maigida da Maikano, ya liƙa wa birnin da kakansa ya yi shekaru yana tafiya kafin ya gani, ya miƙa wa jaririyar da ba ta fi kwana bakwai ba. Ƙanwata ta yi shekara da shekaru tana amsa sunan tashar jirgin ruwan alhazai, ba ta taɓa wuce Karaye ba.

Kulu kuwa, wanda ya manne wa Hauwa har ya zama kamar suna ɗaya ne, Hauwa Kulu, kunnen mai karatun allo yakan ji kullu a cikinsa, kalmar Larabci mai nufin duka, kamar ana cewa uwar kowa da kowa. Ina ɗan sakandare, kaina cike da irin waɗannan bayanai, na taɓa zuwa na sami Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ashe kin san abin da ake nufi da Kulu?" Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Kai maigida, da wani abu ake nufi? Ni ake nufi." Ta watsa mini 'yar gyaɗa a tafin hannu, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na yi dariya a ranar, amma na daɗe ina juya maganar. Babu uban da ke buɗe ƙamus kafin ya raɗa wa 'yarsa suna a garinmu. Fuska yake gani. Yana ganin uwarsa, ko gwaggon da ta goya shi, ko matar malaminsa. Suna linzami ne, in ji masu iya magana, kuma abin da ake fata shi ne linzamin ya ja yarinya zuwa halin mai sunan: haƙurinta, tsaftarta, hannunta mai kyauta. Ita mai sunan ma da wata aka yi mata takwara, haka abin yake komawa baya, kaka bayan kaka, har igiyar ta isa ga wadda ba ta da takwarar da ta riga ta. A gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, mahaifiyarsa Hauwa ce, ɗaya daga cikin matansa ma Hauwa ce, ita ce ta haifi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma je ka Sakkwato ka tambaya, da Inna Garka aka fi saninta. Ko a gidan da aka fi kowa riƙon alƙalami, sunan a lulluɓe yake.

Daga baya na gano cewa Larabcin kansa ya riga mu ƙulla wannan zumunci. Kalmar da Larabawa ke kiran kunya da ita, haya'u, tushenta ɗaya da hayatu, wato rayuwa. Har ruwan saman da ke raya ƙasa bayan fari, haya suke ce masa. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun yi bayani a kan haka, cewa kunyar mutum gwargwadon rayuwar zuciyarsa take. Wannan karon ba yaudarar kunne ba ce, 'yan ɗaki ɗaya ne. Ashe lokacin da mahaifiyarmu ke sunkuyar da kai ta ce mai sunan Inna, da zanen gidansu take rufe sunan. Kuma rufewar ce ta sa ya yi 'ya'ya. Da ana kiransa gatsau, da Hauwa'u ɗaya muke da ita. Da aka ɓoye shi, kamar irin da aka tura cikin ƙasa, sai ya tsiro Kulu da Kuluwa da Jidda da Maijidda, ban da Ummi da Mama da Hajiya da ake ara masa a gidajen da kaka ke da sunan.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Rumfar da ke kare mutum daga rana tana iya hana a gan shi. Tambayi dattijo a Beli asalinsa, zai jero maka kakanni maza har ka gaji, amma in ka ce ya faɗi sunan kakar mahaifiyarsa sai ya yi shiru, ya ce 'yar gidan wane ce. Mata nawa suka yi daka da surfe da goyo da jinya, suka riƙe gidaje a shekarun yunwa, suka tafi kabari da sunansu a ninke? Girmamawar da ta hana a faɗa, ita ce ta sa aka manta. Shi ya sa nake ganin darajar abin da Nana Asma'u ta yi, da ta rubuta marsiyya ga wata Hauwa'u, jaji daga cikin shugabannin 'yan taru masu zaga ƙauyuka suna karantar da mata, ta kuma kira ta da sunanta. Shi ya sa nake murna da ganin sunan Hauwa Gwaram a cikin littafin waƙoƙin mata, Alƙalami a Hannun Mata, da aka buga a Zariya a 1983, da kuma jin an kira Hauwa Ibrahim, lauya 'yar jihar Gombe, a zauren Majalisar Tarayyar Turai a 2005 don karɓar lambar Sakharov. Akwai wurin da ya kamata a sunkuyar da kai, akwai wurin da ya kamata a rubuta suna ɓaro-ɓaro.

Zamani ma yanzu ba ya barin ɓoyo. Katin ɗan ƙasa da takardar jarrabawa da asusun banki kowanne suna guda yake so, da rubutu iri guda. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, wani lokaci ko hamzar da ke tsakanin "a" da "u" ba ta karɓa. Ƙanwata da ta girma ta je neman aiki, sai aka tarar wata takarda ta ce Hauwa'u, wata ta ce Hauwa, wata ta ce Jidda. Sai da ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk ukun ita ce. Ta dawo tana dariya, ta ce da Inna na da rai da ta ce musu, da wa kuke nufi in ba ita ba?

Inna ta rasu da damina, masara ta yi duhu. Shekara biyu bayan haka matata ta haifi mace. Ba a yi doguwar shawara ba. Ranar bakwai, bayan sallar asuba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya matso ya tambaye ni a hankali, na gaya masa a kunne. Aka shafa fatiha, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya yadda har matan da ke cikin gida za su ji: "Sunan yarinya Hauwa'u!" Guɗa ta tashi daga ciki. Na san watakila sai ranar ɗaurin aurenta za a sake faɗinsa da ƙarfi haka a ƙofar gidan nan. Jama'a suka yi ta miƙo hannu, kowa da kalma guda a bakinsa, wadda ake faɗa wa kowane jariri amma ranar na ji ta kamar fassarar sunan ce: Allah ya raya, Allah ya raya.

Da hantsi, bayan an yanka rago wanzami ya gama aski, aka kawo ta zaure a naɗe cikin zane. Mahaifina, wanda gemunsa ya yi fari fat, ya sa hannu biyu ya karɓe ta. Ya daɗe yana kallon fuskarta bai ce komai ba. Sannan ya gyara mata zanen, ya rage murya kamar yadda yakan yi in ya durƙusa a ƙofar wancan ɗakin da safe, ya ce, "Inna, ina kwana?"